Lambun gida a Parakou da Djougou: a fara da ganye, a auna da ruwa

Duk mai cefane a kasuwar Arzèkè ta Parakou ko a babbar kasuwar Djougou ya san halin kayan miya. Wani watan tumatir har ruɓewa yake yi a kan faifai, wani watan kuma sai a ƙirga wa mutum shi ɗaya-ɗaya kamar goro. Albasa daga Malanville da Galmi take saukowa, tumatirin rani kuwa ba duka ake noma shi a ƙasar ba, ana shigo da wani daga maƙwabta. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya a ƙarshen watan Yulin 2023, bayan juyin mulkin Nijar, iyalai da yawa suka ga yadda rikicin kan iyaka yake iya kaiwa har cikin tukunyar miya.

Lambun gida, ko garka kamar yadda mutanen Maraɗi da Tawa ke cewa, ba zai raba iyali da kasuwa ba. Abin da zai iya yi shi ne ya ɗauke musu sayen ganye, ya rage na kuɓewa da barkono, ya kuma sa uwargida ta san abin da aka fesa wa abin da take dafawa. Amma yawancin sababbin shiga da tumatir suke farawa, a tsakiyar damina, a fili mai faɗin da ba za su iya shayarwa ba idan rani ya zo. Waɗannan abubuwa uku su ne suka fi kashe lambu a shekarar farko.

Kalandar Kano da Maraɗi ba ta aiki a nan

Hausawan waɗannan garuruwa ba baƙi ba ne. Tun zamanin fataucin goro, ayarin da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja yana yada zango a Parakou da kuma Djougou, wadda fatake suka sani da suna Zugu. Sai dai ilimin lambu da mutum ya taso da shi a ƙasar Hausa ilimin ƙasar ƙarancin ruwa ne. Maraɗi tana samun ruwan sama kusan milimita 500 a shekara. Parakou tana samun wajen 1,100 zuwa 1,200, Djougou ma ta ɗan fi haka. Damina ɗaya ce, tana farawa a Afrilu ko Mayu ta kai Oktoba, kuma ruwan ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba.

Wannan ya sa komi mai zurfi, wanda ake yi a Kano don ya riƙe ruwa, yake zama tarko a nan cikin damina: ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Daga Mayu zuwa Oktoba tudu ake yi, a ɗaga ƙasa kamar taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20, a bar wa ruwa hanyar wucewa a gefe. Idan rani ya shigo sai a baje tudun, a yi masa ɗan baki a kewaye don ruwan da aka zuba ya tsaya.

Shekarar lambu a nan kashi uku ce. Damina ta ganye ce da kuɓewa: alayyafo, lalo, rama, yakuwa, ganyen gauta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa kuma dare ke sanyi, shi ne lokacin tumatir, latas, kabeji, karas da albasa. Maris da Afrilu kuwa zafi yana haura digiri 35, rijiyoyi suna ja da baya, furen tumatir yana zubewa ba tare da ya ɗaure 'ya'ya ba. A waɗannan watanni biyu mai hankali rage lambu yake yi, ya bar komi ɗaya ko biyu na ganye a inda ke samun inuwa da yamma.

Ruwa shi ne ma'auni

Kafin a sari ƙasa, a fara lissafin ruwa. A rani kowane murabba'in mita na lambu yana shan lita 5 zuwa 7 a rana. Ke nan lambu mai murabba'in mita 10, misali komi biyu masu faɗin mita 1 da tsawon mita 5, yana buƙatar lita 50 zuwa 70 kullum: jarka biyu zuwa uku irin rawayar nan mai lita 25 da ake ce wa bido. Ba sau ɗaya a mako ba, kullum, har ranar da ba a da lafiya da ranar da aka tafi biki. Wanda ya ga ba zai iya ɗaukar bido uku a watan Maris ba, to komi ɗaya ya ishe shi. Ƙaramin lambu mai shan ruwa ya fi babba mai ƙishi amfani nesa ba kusa ba.

Daga ina ruwan zai fito? Garuruwan biyu a kan dutse suke zaune, shi ya sa rijiyoyin gida da yawa ke ƙafewa ko su koma guntun laka kafin ruwan fari. Ruwan famfo na kamfanin SONEB, wanda a Parakou daga madatsar kogin Okpara ake jawo shi, da mita ake biyansa, don haka sai a haɗa da dabara. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye duk suna da kyau ga shuka. A ajiye baho a wurin alwala, a ga yawan abin da yake taruwa a yini. Ruwan wanki mai omo ko jabel ba a zuba wa lambu, yana ƙone saiwa yana kuma ɓata ƙasa. Ruwan kwata kuwa haɗari ne, musamman ga latas da ake ci ɗanye. A damina a tari ruwan indararo a randa ko durom, amma a rufe, domin buɗaɗɗen ruwa kwana kaɗan yake buƙata ya zama gidan sauro.

Ana ban-ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, da butar ban-ruwa mai huji-huji wadda a nan ake kira arozuwar. Gwangwani da aka huda da ƙusa ma yana yi. A zuba a gindi, ba a kan ganye ba, musamman ga tumatir. Abin da ya fi rage wahala shi ne rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, kauri kamar yatsu uku. Ƙasar da aka rufe takan kwana da laima, wadda aka bari a fili kuwa hunturu yana busar da ita kafin azahar. Sai dai a riƙa ɗaga ciyawar ana dubawa saboda gara, kuma kada a jingina ta da jikin shuka.

Wuri da ƙasa

Kayan lambu suna son rana ta awa 6 ko fiye. Gindin mangwaro wurin hira ne, ba wurin shuka ba. Kafin iri kuma shinge ake fara nema: akuya ɗaya ko kaji uku sun isa su share aikin wata guda kafin a idar da sallah. Zana, kara, tsohuwar raga ko tsohon gidan sauro duk suna aiki. Idan aka jera zogale a bakin shingen, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin ana dasa reshensa ya kama, kuma ganyensa ba ya yankewa idan ana sare masa kai.

Ƙasar yankin ja ce, mai tsakuwa, a wasu unguwanni kuma ana haƙa kaɗan sai a ci karo da marmara. Ba ta da kitse sosai, don haka taki ne ginshiƙin aikin. A kafce ƙasa zurfin santimita 25 zuwa 30, a tsince duwatsu da leda, a zuba ruɓaɓɓen taki kilo 2 zuwa 3 a kowane murabba'in mita, a cuɗa, a shayar, a bar shi kamar mako guda kafin shuka. Kashin shanu ana samunsa wurin Fulani da kasuwannin dabbobi, na tumaki da awaki kuwa yana nan a gida. Kashin kaji ya fi kowanne ƙarfi, amma ɗanyensa wuta ne. Sai an tara shi, ana yayyafa ruwa ana juyawa, ya yi wata ɗaya zuwa biyu har zafinsa ya fita warinsa ya mutu.

Akwai al'adar ɗebo baƙar ƙasa daga juji. Shuka tana son ta, gaskiya ne, amma jujin birni na yau ba irin na da ba ne: akwai matattun batura, ƙonanniyar roba, fasassun kwalabe da ragowar magunguna. Gubar darma da ke cikin irin wannan shara ba ta tafiya da wanki. Gara mutum ya haƙa ɗan rami a bayan ɗaki, ya riƙa zuba ɓawon doya, ragowar ganye, toka kaɗan da kashin dabbobi. Cikin wata biyu zuwa uku ya sami takinsa.

Wanda yake gidan haya, ko tsakar gidansa siminti ce, buhu da tsohon baho su ne gonarsa. A huda gindin, a cika da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Buhu guda yana ɗaukar gindin barkono ɗaya ko kuɓewa biyu, baho kuma ya isa alayyafon miya ɗaya. Ranar tashi daga gida a ɗora su a amalanke a tafi da su. Abu ɗaya ne: shukar buhu ta fi ta ƙasa saurin jin ƙishi.

Abin da za a fara shukawa

Alayyafo shi ne malamin sabon shiga. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka ana gauraya shi da yashi a watsa, a rufe da ƙasa kaɗan. Yana tsirowa cikin kwana 3 zuwa 5, a mako na 3 ko na 4 an fara ci. Idan aka yanke shi aka bar kamar taƙi ɗaya a ƙasa, zai sake tohowa sau biyu ko uku. Komi mai kyau yakan ba da kilo 1 zuwa 2 a kowane murabba'in mita. Dabarar ita ce kada a shuka komin duka rana ɗaya. A raba shi huɗu, a riƙa shuka kashi ɗaya duk mako, sai ya zama kullum akwai na tsinka, ba wanda ya tsufa ya yi fure.

Lalo, wanda a kasuwannin Benin ake kira crincrin, yana da wani hali da ke sa mutane su zargi mai sayar da iri a banza: ƙwayarsa tana da tauri, ba ta tsirowa da sauƙi. A ƙulle irin a ƙyalle, a tsoma a ruwan da aka sauke daga wuta yana tafasa na daƙiƙa 5 zuwa 10 kacal, a ciro a tsoma a ruwan sanyi, a shanya a inuwa, a shuka a ranar ko washegari.

Gboma, wato gautan da ake ci don faffaɗan ganyensa, ya zama abincin kowa a ƙasar nan, kuma ya dace da gida domin gindi ɗaya yana watanni ana yankarsa. Ana renonsa mako 4 zuwa 5, a dasa da tazarar santimita 40 zuwa 50, bayan wata guda a fara yanka. Rama da yakuwa ba sa buƙatar bayani ga Bahaushe. A damina kusan da kansu suke girma. Shuwaka da ɗoɗɗoya a ba su lungu ɗaya, su shekara suna ba da ganye.

Kuɓewa, ko guro, ba a dasa ta. A jiƙa irin ya kwana, a sa ƙwaya 2 ko 3 a rami, tazarar santimita 40 zuwa 50, idan sun tsiro a bar mai ƙarfi ɗaya ko biyu. Wajen kwana 50 zuwa 60 take fara 'ya'ya, kuma sai ana tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, in ba haka ba ta ƙosa ta daina haihuwa. Gindi 10 zuwa 15 sun ishi gida, har a yanka a shanya.

Sai tumatir, wanda kowa ke so. A bar shi sai an ci ganye sau biyu ko uku an san halin ƙasar. A yi reno a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, a ƙarƙashin 'yar rumfa, a dasa bayan mako 3 zuwa 4, da yamma, tazarar santimita 50, a kafa wa kowanne sanda. Bayan wata biyu zuwa biyu da rabi da dashe yake fara nuna. Wanda ya matsa sai ya yi na damina, ya nemi irin da aka tsara don zafi da laima, kamar Mongal F1, ya kuma ɗaga tudu sosai. Barkono da attarugu sun fi tumatir haƙuri, sai dai renonsu ya fi daɗewa, wajen mako 5 zuwa 6.

Latas, wanda wasu ke ce wa salati, yana yin mako 3 a reno, wata guda bayan dashe an ci. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, don haka wanda ya yi reno a ƙarshen Disamba zai sha ruwa da nasa. Kabeji kuwa tsutsa ta fi son sa fiye da komai, albasa mai ƙwaya kuma tana riƙe komi wata huɗu zuwa biyar. A ƙaramin fili albasa mai lawashi ta fi riba.

Ƙwari, cuta da maganin auduga

Abin da ya fi kowane magani shi ne zagaya lambu kowace safiya ana juya ganye. Tsutsa da fara a tsince da hannu. Darɓa da ƙananan ƙwarin da ke huda ganyen kuɓewa ana rage su da toka da aka barbaɗa da sanyin safiya. Idan abin ya yi yawa, 'ya'yan dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi, suna nan a kowace unguwa: a ɓare busassu, a daka gram 500, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulun gargajiya, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da haihuwa yake yi, don haka kada a ce bai yi aiki ba tun a rana ta biyu.

Cututtuka biyu ne a cikin ƙasa suke, fesawa ba ta kai musu. Idan tumatir ko barkono ya yi yaushi farat ɗaya alhali ganyensa kore ne kuma ƙasa da laima, a yanki karan a tsoma a kofin gilashi mai ruwa. In wani farin abu kamar madara ya riƙa sauka daga bakin yankan, cutar yaushi ce. Ba ta da magani. A tuge, a fitar daga lambu, kada a sa a ramin taki. Ta biyun ita ce tsutsar saiwa da ido ba ya gani: shuka ta tsumbure, idan an tuge a ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli. Rigakafin duka biyun shi ne juya shuka. Tumatir, barkono, gauta da gboma dangi ɗaya ne, kada ɗaya ya gaji komin ɗaya. A sa albasa, masara ko alayyafo a tsakani. Akwai kuma tsutsar da manoman Kano suka raɗa wa suna sharon, wato Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Alamarta farin tabo ne kamar taga a cikin ganye. A cire ganyen a ƙone tun suna kaɗan.

Nan ne ya kamata a ja kunne. Arewacin Benin ƙasar auduga ce, kuma maganin ƙwarin auduga yana yawo a hannun mutane, a ƙananan kwalabe marasa takarda, da araha. Maƙwabci zai ce yana kashe komai, kuma gaskiya ya faɗa. A kakar audugar 1999 zuwa 2000 alƙaluman hukuma sun nuna mutum aƙalla 37 sun mutu a yankin Borgou sakamakon gubar endosulfan, maganin da Benin ta haramta a 2008. Waɗanda suka maye gurbinsa ma don auduga aka yi su, ba don ganyen da za a tsinka jibi a sa a miyar yara ba. Wanda ya ga lallai sai ya sayi magani, ya saya a shagon da aka amince da shi, ya tabbatar an rubuta cewa na kayan lambu ne, ya nemi inda aka rubuta délai avant récolte, wato kwanakin da za a jira kafin a ci, ya kuma cika su. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ba a mai da ita ta ban-ruwa, balle ta sha.

Inda za a nemi taimako

Da ɗan gari akan ci gari. Masu lambun da ke fadamun cikin gari da kewayensa su ne suka fi kowa sanin irin da ke yi a wace unguwa, kuma da yawansu suna sayar da dashe. Ga sabon shiga, sayen gindin gboma ko barkono 20 da aka riga aka rena ya fi sayen gwangwanin iri. Hukumar bunƙasa noma ta ATDA mai kula da kudancin Borgou, Donga da Collines a Parakou hedikwatarta take, kuma tana da malaman gona a ƙananan hukumomi, har da Djougou. Jami'ar Parakou, wadda aka buɗe a 2001, tana da tsangayar aikin gona. Cibiyar Songhaï kuma, wadda Fada Godfrey Nzamujo, haifaffen Kano, ya kafa a Porto-Novo a 1985, tana da reshe a Parakou inda ake koyar da haɗa taki da noman lambu.

Wajen sayen iri a duba ranar ƙarewarsa a jikin fakiti, a guji wanda ya daɗe a rana a kan tebur. Irin da aka rubuta wa F1 ba a ajiye 'ya'yansa don baɗi, domin ba za su fito kamar uwarsu ba. Amma alayyafo, lalo, rama, yakuwa da kuɓewar gida sau ɗaya ake sayensu: a zaɓi gindi biyu mafi lafiya a bar su su ƙosa, a shanya irin a inuwa har ya bushe ƙarau, a zuba a kwalba da ɗan toka, a toshe, a rubuta suna da wata a jiki, a ajiye a ɗakin da ba ya zafi.